Shekarar da Aka Rufe Makarantu, da Abin da Ya Sami Ƙanena

Ni haifaffiyar Sakkwato ce, a Mabera na tashi, kuma nan iyayena suke har yau. Ina aji shida na sakandare korona ta shigo Najeriya, a ƙarshen Fabrairun 2020. Labarin da zan bayar ya fi shafar ƙanena, wanda yake da shekara 12 a lokacin. Sai da na nemi izininsa kafin in rubuta, ya yarda bisa sharaɗin kada in ambaci sunansa.

Har gobe akwai masu cewa korona ba ta zo Sakkwato ba. Tun a wancan lokacin haka ake faɗa a majalisu da gidajen suna. Wasu su ce zafin garin nan ba zai bar ta ta rayu ba, wasu su ce ciwon manya ne masu hawa jirgi, musamman bayan rasuwar Malam Abba Kyari a watan Afrilu. Ni ba gardamar nan ta kawo ni ba. Ko da a ce ƙwayar cutar ba ta taɓa tsallake zaurenmu ba, abubuwan da suka zo tare da ita sun shigo mana gida, sun kwantar mana da yaro ciwon da muka fi shekara muna jinya.

Baba direba ne, motar wani Alhaji yake ja tsakanin Sakkwato da Kano, kullum ya dawo ya kai balas, abin da ya rage shi ne cefanenmu. Inna tana suyar awara da haɗa zoɓo, tana kaiwa ƙofar wata firamare lokacin tara. Mu uku ne 'ya'ya: ni, ƙanena, sai Auta mai shekara 5. Akwai kuma Kaka, mahaifiyar Baba, wadda ƙanena yake kwana a ɗakinta tun da aka yaye shi. Ita ba ta kiransa da suna, sai dai Angona. Shi ke ɗebo mata ruwan alwala, shi ke kunna mata rediyo, shi ke zuwa kemis sayo mata maganin hawan jini da na suga. Idan ta dama fura, sai ya sha kafin kowa.

Ranar 23 ga Maris gwamnonin Arewa maso Yamma suka rufe makarantu. Kwana 30 aka ce. Yaran unguwa har tsalle suke yi don murna. Islamiyya ma ta tsaya. Ni kam hankalina yana kan WAEC da ya kamata mu fara a watan Afrilu, aka ɗage ba tare da an sa rana ba.

Rufe makarantar nan ita ta fara taɓa tukunyarmu, don babu ɗalibai babu masu sayen awara. Ba a daɗe ba aka hana zirga-zirga tsakanin jihohi, Alhaji ya sa aka ajiye motar. Dama tun Agustan 2019 iyakar Illela take rufe, shinkafa ta riga ta fi ƙarfin irinmu, sai ga gero da masara su ma suna tashi. Baba ya ari babur wurin wani abokinsa yana kabu-kabu, amma daga farkon Mayu aka sa dokar hana fita daga ƙarfe 8 na dare zuwa 6 na safe, kuma a azumi da dare ne ake samun fasinja. Mutumin da muka saba gani kwana biyu ko uku a mako, ya shigo da tsarabar gurasa da fara'arsa, sai ga shi kullum a gida, yana zaune a tabarma ya haɗa kai da gwiwa. Abu kaɗan sai faɗa. Ban taɓa jin muryar Baba da Inna ta ɗaga a kan kuɗin cefane ba sai a shekarar. Gidanmu ɗaki uku ne da tsakar gida, duk abin da aka faɗa a ɗaki ɗaya kowa ya ji. Manya suna ɗauka idan yaro ya juya baya ya yi shiru to barci yake yi. Ƙanena kuwa babu abin da ba ya ji.

Akwai wani almajiri ɗan wajen Zamfara da yake yi wa Inna aike, sa'an ƙanena ne, tare suke buga ƙwallo. Da gwamnonin Arewa suka fara mayar da almajirai jihohinsu, malaminsu ya sallami yaransa. Wata safiya dai yaron bai zo ɗaukar ɗumame ba, shi ke nan. Ko sallama ba su yi ba.

Azumin shekarar ya kama a ƙarshen Afrilu, cikin tsananin zafi. Shugabannin addini, ƙarƙashin Mai Alfarma Sarkin Musulmi, sun yi kira a dakatar da taron tafsiri da jam'in tarawihi, yaran unguwarmu kuma ba su yi tashe ba. Abin da ya rage mana sai rediyo da waya. Daga Kano ake ta jin labarin mace-macen dattawa, an kuma tabbatar da cutar ta shigo Sakkwato. Kullum rediyon Kaka yana maimaita sanarwa iri ɗaya: a wanke hannu da sabulu, a sa takunkumi, a guji cunkoso, yara suna iya ɗaukar cutar ba tare da sun ji komai ba, su kai wa tsofaffi. Sanarwar gaskiya ce, an kuma yi ta don kare rayuka. Sai dai wanda yake zaune kusa da rediyon yana riƙe da shi, yaro ne mai shekara 12 da yake kwana ɗaki ɗaya da tsohuwa mai ciwon suga.

Ƙanena ya ci gaba da sulalewa zuwa filin ƙwallo bayan la'asar, kamar sauran yara. A tsakiyar azumi ya yi mura ta 'yan kwanaki ta wuce. Bayan haka Kaka ta kwanta: zazzaɓi, tari, numfashi sama-sama. Ta ce ko za ta mutu kada a kai ta asibiti, don mutane suna tsoron a killace su, a hana 'yan'uwa ganinsu. Wani ma'aikacin lafiya a unguwa ya zo ya sa mata ruwa ya yi allura. Ana saura 'yan kwanaki Sallah, da asuba, Allah Ya karɓi abinSa. Ƙanena ne ya fara sani, don shi ya je tada ta sahur.

Ba a yi mata gwaji ba, saboda haka har yau babu wanda zai ce ga abin da ya yi ajalinta. Amma unguwa ta riga ta yanke hukunci. Matar da ta yi shekaru tana zuwa wankan jego da wankan gawa a gidajen mutane, sai ga zaman makokinta babu kowa sai 'yan'uwa na jiki. Masu zuwa gaisuwa suna tsayawa daga zaure, su yi addu'a a tsaye su juya. An hana yaran maƙwabta shigowa gidanmu. A ranar sadakar uku wata gwaggonmu, cikin kuka, ta ce, "Yaran ga da ba su zama gida, su ka kwaso ma tsohi ciwo." Ba da kowa take ba, zafin rashin uwa ne. Ƙanena yana bakin randa yana ɗibar wa baƙi ruwa.

Bai yi kuka ba, ko a ranar ko bayanta. Har yabonsa aka riƙa yi, ana cewa yaron nan akwai tawakkali.

Wankin hannu muka fara lura da shi. Ya wanke kafin ya taɓa kwano, ya wanke bayan ya taɓa, ya wanke idan ya taɓa ƙyauren zaure, ya dawo ya sake don wai bai tabbata sabulun ya shiga tsakanin yatsu ba. Mu kuwa ruwa saye muke yi wurin 'yan garuwa, jarka ɗaya ma lissafi ce. Baba ya yi faɗa, ya yi tsawa, wata rana har ya kai masa hannu. Yaron ya koma yin abin a ɓoye, da dare, a bayan ɗaki. Kafin Babbar Sallah bayan hannuwansa ya tsattsage yana fitar da jini. Ya daina cin abinci kwano ɗaya da mu. Idan Inna ta miƙo hannu za ta taɓa shi sai ya goce.

Sai rashin barci. Ɗakin Kaka ya gagare shi, aka dawo da shi wurinmu. Cikin dare ina jin motsinsa, ya tashi ya je ƙofar ɗakin su Inna ya tsaya yana kasa kunne, sai ya ji numfashinsu sannan ya dawo. A dare ɗaya sai ya yi haka ya sake yi. Da safe ya ce cikinsa na ciwo, ko kansa. Aka yi ta kemis: maganin maleriya, na taifot, na olsa, na tsutsar ciki. Aka yi awon jini ba a ga komai ba. Yaro yana ta ramewa.

Auta ma ba ta tsira ba, ko da yake nata ya zo da sauƙi. Yarinyar da ta daɗe da barin fitsarin kwance ta koma yi. Ko banɗaki Inna za ta shiga sai ta riƙe mata zane. Wata rana na same ta ta naɗe 'yar tsanarta da farin ƙyalle, ta ɗora a kan murfin kwali, tana cewa a matsa a ba ta hanya za a kai Kaka. Inna ta tsorata ta ƙwace. Daga baya na koyi cewa ƙananan yara da wasa suke fitar da abin da bakinsu bai iya faɗa ba, barinta ta yi wasan ana kusa da ita ya fi hana ta.

Ni kuma nawa ciwon jira ne. In buɗe littafi in karanta shafi, in rufe ban riƙe komai ba. Akwai darussa a rediyo, amma wanda yake da jarrabawar kimiyya a gabansa ba abin da rediyo zai yi masa, na intanet kuwa sai mai kuɗin data da wutar caji. Abin da data ɗina take ƙarewa a kai shi ne saƙonnin WhatsApp: hotunan makabarta, muryar wani yana rantsuwa cutar ƙarya ce, muryar wani yana rantsuwa rabin gari zai mutu. A watan Yuli Ministan Ilimi, Malam Adamu Adamu, ya ce makarantun gwamnatin tarayya ba za su zauna WAEC a shekarar ba. Ranar na yi kuka kamar an yi mini mutuwa ta biyu. A tsakanin nan aka ɗaura wa aminiyata aure, wadda muke zama benci ɗaya tun aji ɗaya, mai son zama ungozoma. Mahaifinta ya ce ba zai zuba ido budurwa tana zaune a gida ba ranar komawa ba. Ni ma gwaggonnina sun fara kawo maganar. Inna ce ta tsaya, ta ce a bari a ga ƙarshen jarrabawar. Allah Ya sa aka sauya shawara, 'yan ajin ƙarshe muka koma ranar 4 ga Agusta, aka fara jarrabawa ranar 17. Benci da yawa a ajinmu babu masu su.

Ina cikin jarrabawar abin ƙanena ya kai inda ya kai. Wata magariba Inna ta yi tari sau biyu, tarin hayaƙin murhu kawai. Sai yaron ya dafe ƙirji ya zube, yana haki, gumi na karyo masa, jikinsa na rawa, yana cewa zai mutu. Muka ɗauka zuciya ce. Kafin a samo abin hawa ya lafa, ya bar shi a galabaice. Bayan kwana kaɗan ya sake. Nan fa kowa ya kawo tasa. Masu cewa iska ce, masu cewa ya yi gamo a filin ƙwallo, masu cewa Kaka ce take kiransa saboda shaƙuwa. Aka yi hayaƙi, aka sha rubutu, aka shafa man habbatussauda.

Malamin da Baba ya ɗauko ya yi masa ruƙiyya, Allah Ya saka masa da alheri. Ya yi karatunsa a natse, ya dubi yaron da kyau, sannan ya ja Baba zaure. Ina daga bayan ƙyaure na ji yana cewa shi bai ga alamar aljani ba, abin da ya gani yaro ne da tsoro ya cika wa zuciya. Ya ce a ci gaba da addu'a da azkar, amma a kai shi Kware, don neman magani ba ya cin karo da tawakkali. Baba ya yi shiru. Duk ɗan Sakkwato ya san nauyin wannan suna. Asibitin ƙwaƙwalwa na gwamnatin tarayya yana can, kuma tun muna yara idan ana son a zagi mutum sai a ce a kai shi Kware. Baba yana tunanin abin da za a ce da ɗansa, da ni da ban yi aure ba, da Auta. Maganar ta kwanta.

Abin da ke cin yaron kuwa, a wani dare na ji shi daga bakinsa. An ɗauke wuta, muna kwance a tsakar gida, na ji ya taso daga ƙofar su Inna. Na kira shi a hankali na ce ya zo ya zauna. Ya zauna nesa da ni.

"Mi kaka nema ƙohwar su Inna kullum da dare?"

Ya daɗe bai amsa ba. Can ya ce, "Adda, in na hwaɗa miki ba ki hwaɗa ma Baba?"

Na ce ina jin sa.

"Ni nik kashe Kaka. Ni nit tahi ƙwallo nik kwaso ciwon. Rediyo ya hwaɗi, Gwaggo ma ta hwaɗi. Yanzu kuma Inna za ni kashewa."

Wata huɗu ke nan yana ɗauke da wannan shi kaɗai. Duk wankin hannun, duk gudun jikin Inna, duk tsayuwar dare, ƙoƙari ne na kada ya sake kashe wani. Na rungume shi yana ƙoƙarin ƙwacewa, yana cewa in sake shi kada in ɗauka. A daren ya yi kukan da bai yi ba ranar jana'iza. Na ce masa maganar nan ta fi ƙarfina ni kaɗai, sai Inna ta ji, kuma ni zan tsaya masa. Da kyar ya yarda.

Inna ta yi ta lallashinsa, ta ce ajali ne, kowa da ranarsa. Ya ce to, amma hannu bai daina wankuwa ba. Da aka buɗe makarantu wajen Oktoba ya je 'yan kwanaki ya ƙi komawa, wai aji ya cika da mutane. Muna fama da wannan, a Disamba aka sace ɗaliban Ƙanƙara sama da 300 a Jihar Katsina, aka rufe wasu makarantun kwana a nan jiharmu. Tasa ta jeka-ka-dawo ce a cikin gari, amma zuciyar da ta riga ta firgita ba ta wannan lissafin. Ko zaure ya daina fita.

Inna ce ta karya shirun Baba. Ta ce masa, "Malam, mutane su yi ta magana, ni ɗana nika so. In ba ka kai shi, ni in kai shi." A farkon 2021 muka kama hanyar Illela, ni da Baba da shi, muka sauka Kware.

Abin da na tarar ba shi na zata ba. Mutane ne zaune a benci da katinsu a hannu kamar kowane asibiti: dattawa, matan aure, ɗalibai, masu farfaɗiya, masu rashin barci. Wasu daga Kebbi, wasu daga Zamfara. Layin yana da tsawo, kuma dole ya yi tsawo, don likitocin ƙwaƙwalwa a duk Najeriya ba su kai 300 ba, ga mutane sama da miliyan 200. Likitar da ta gan mu ta fara da tambayar Baba, sannan ta ce mu ba su wuri, ta zauna da yaron shi kaɗai. Wannan ne karo na farko da wani babba ya tambaye shi abin da yake tunani, maimakon inda yake masa ciwo.

Da ta kira mu, ta ce ba hauka ba ne, ciwon fargaba ne da ya haɗu da baƙin cikin rashi, kuma ana warkewa. Ta yi mana bayani dalla-dalla. Idan mutum ya tsorata, jiki yana sakin sinadaran da ke sa zuciya bugawa da sauri, numfashi ya ƙaru, ciki ya murɗa, don ya shirya gudu. Idan tsoron ya ƙi tafiya, jiki sai ya zauna a haka dare da rana. Ciwon cikin gaskiya ne, bugun ƙirjin gaskiya ne, shi ya sa awon jini bai nuna komai ba amma yaro yana wahala. Wankin hannun kuma yana ba shi sauƙi na ɗan lokaci, sai ƙwaƙwalwa ta riƙe cewa wankin ne ya hana musiba, sai ta ƙara neman sa. Tsawa da duka suna ƙara tsoron ne, tsoron kuma ya ƙara wankin. Ta ce yara masu irin shekarunsa suna yawan ɗora wa kansu laifin abin da ya faru a gida, mutuwa ce ko faɗan iyaye ko talauci, musamman idan babu wanda ya zaunar da su ya yi musu bayani. A da makaranta da Islamiyya da filin wasa suna raba wa yaro hankali, yana da malami da aboki da zai ga canji a fuskarsa. A shekarar an ɗauke duka a lokaci guda, aka bar yara da damuwar manya.

Aka haɗa shi da wani masanin halayyar ɗan'adam da yake ganinsa lokaci-lokaci. Ya koya masa yadda zai ja numfashi a hankali idan ƙirji ya fara bugawa, da yadda zai gane cewa abin yana wucewa ba ya kisa. Suka yi yarjejeniya a kan wankin hannu: alwala, kafin cin abinci da bayansa, bayan banɗaki. Idan sha'awar wankin ta taso a wani lokacin, ya jinkirta kaɗan, gobe ya ƙara jinkirin. Mu kuma aka ba mu namu aikin. A kashe labaran mace-mace a gabansa. A tsayar da lokacin barci da na tashi. Kada a yi maganar bashi da cefane inda yara suke. Kada a riƙa ɓoye sunan Kaka, a yi hirarta, a yi mata addu'a tare. Makaranta kuma ya koma da kaɗan-kaɗan, ni in raka shi, a sanar da malamin ajinsu.

Abu ɗaya likitar ta ce Baba ne kawai zai iya yi, tunda uwarsa ce ta rasu. Baba ba mai yawan magana ba ne, kuma a tarbiyyarsu uba ba ya zama hira da ɗa. Ya yi kwanaki yana juya abin. Wata Juma'a bayan an sauko masallaci ya kira yaron ɗakin Kaka, ya bar ƙofa a buɗe. Ya ce masa Kaka ta haura saba'in, ta yi shekaru da hawan jini da suga, ba a auna ta ba balle a san ciwon. Ya ce ko da korona ce, shi da yake ɗaukar fasinja a babur yini guda ya fi kowa kusa da kwaso ta, ga masu zuwa gaishe ta, ga kasuwa.

"In laihi ne, to ni da kai da duk garin ga muna ciki. Amma babu laihi. Uwata ta cika da kwananta, kuma ta cika tana sa maka albarka, da kunnena nij ji. Kai kay yi mata hidimar da ni ban samu yi ba."

Sannan ya kama hannuwan nan masu tsagewa ya riƙe, ya ce ya yafe masa dukan da ya yi masa a kan ruwa. Ban taɓa ganin hawayen Baba ba sai ranar.

Sauƙin a hankali ya zo. Wani makon a ci gaba, wani makon a koma baya. Barci ya fara dawowa, sannan cin abinci. Da aka sace 'yan matan Jangebe a ƙarshen Fabrairu ya sake ƙin makaranta na ɗan lokaci. Malamin ajinsu ya taimaka ƙwarai, ya zaunar da shi kusa da taga, ya ba shi izinin fita ya sha iska idan ya ji ƙirjinsa ya fara. Ƙanena ya maimaita aji ɗaya. Wajen ƙarshen 2021 ya koma cin tuwo kwano ɗaya da Baba.

Abin da ya same shi ne ya sa na karanci kiwon lafiyar al'umma. A can na gane gidanmu ɗaya ne daga cikin gidaje masu yawan gaske. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a shekarar farko ta annobar ciwon fargaba da na damuwa sun ƙaru da kashi 25 cikin 100 a duniya, kuma matasa da mata abin ya fi taɓawa. Rahoton UNICEF na 2021 ya ce fiye da 1 cikin 7 na masu shekara 10 zuwa 19 suna rayuwa da wata lalurar ƙwaƙwalwa. Wanda ya fi tsaya mini a rai shi ne cewa kusan rabin irin waɗannan lalurori suna farawa ne kafin shekara 14, shekarun da mu a nan muke cewa yaro bai san damuwa ba, me ya sani, ci yake a ba shi. Na ji daɗi da Shugaba Buhari ya sa hannu a dokar lafiyar ƙwaƙwalwa a farkon 2023, wadda ta maye gurbin ta 1958, amma har yanzu a ƙananan asibitocin da nake zuwa aikin koyo, idan uwa ta kawo yaro mai ciwon cikin da ba ya jin magani, da wuya a tambaye ta ko an yi rashi a gidan, ko an gudo ne daga ƙauye. Ga shi yanzu garin nan cike yake da yaran da suka baro Sabon Birni da Isa da Rabah saboda 'yan bindiga, waɗanda suka ga abin da ya fi wanda ƙanena ya gani. Ni dai nakan yi tambayar, kuma nakan nemi uwar ta ɗan ba mu wuri in ji daga bakin yaron.

Aminiyata tana da 'ya'ya biyu, tana kuma neman mijinta ya bar ta ta zauna jarrabawar da ta wuce ta. Almajirin nan ba mu sake jin ɗuriyarsa ba. Auta ta shiga sakandare, ba ta ma tuna wasan 'yar tsanar. Ƙanena yana ajin ƙarshe, da yamma yana koyon gyaran waya a wani shago. Abin bai rabu da shi gaba ɗaya ba. Lokacin jarrabawa, ko idan wani ya kwanta ciwo a gida, yakan taso. A hunturun da ya wuce Inna ta yi mura mai ƙarfi, ya same ni ya ce, "Adda, abin nan ya dawo, ina son in koma in ga likita." Shi ya nemo katinsa da kansa, Baba ya ba shi kuɗin mota, ya tafi Kware shi kaɗai ya dawo kafin la'asar.